Masana'antun Caina sun shigo har ɗakunanmu: kowa ya faɗi abin da ya gani

Baban Khalifa, Jekadafari, Gombe

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makon jiya muka zauna ni da yaron shagona muna lissafin kaya kafin kasuwar sallah ta buɗe. Atamfa da shadda da yadin maza nake sayarwa a Babbar Kasuwa, bana shekara goma sha tara. Muna sauke turame muna duba bakin kowanne, sai na tarar tun daga ƙasa har rufi abin da aka saƙa a ƙasar nan bai cika kanta ɗaya ba. Saura kusan duk daga Caina suka taso, suka biyo ta Kantin Kwari suka iso hannuna. Da na ɗaga kai, fankar da ke kaɗa mana iska ta can ce, ƙwan fitila na can ne, wayar da nake lissafi da ita ta can ce, har kwaɗon da zan rufe shagon da shi.

Abin ya tsaya mini a rai ne saboda mahaifina, Allah ya jiƙansa, a gidan gurzar auduga ya yi aiki. Duk ɗan Gombe ya san unguwar BCGA, amma yara da yawa ba su san sunan daga ƙungiyar Turawan Ingila masu harkar auduga ya samo asali ba. Ina ƙarami, idan kaka ta yi, motoci ne a jere cike da auduga suna jiran awo. Baba kan dawo gida da yamma hularsa da girarsa duk fari fat, sai Inna ta kakkaɓe masa kafin ya yi alwala. A lokacin audugarmu ce ake ɗaurewa dila-dila a kai masaƙu, ta dawo mana zane.

Na san a cikinmu akwai masu zuwa can saro kaya, akwai wanda ya yi karatu a can, akwai iyayenmu da suka yi aikin masana'anta a nan gida. Ina roƙon kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani. Me ya ba su wannan gudun cikin shekara arba'in? Me ya jawo musu, mu kuma me ya jawo mana?

Alhajin Tayil, Bauchi

Wa alaikumus salam. Baban Khalifa ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ni tun 2009 nake zuwa Guangzhou, wanda mu 'yan kasuwa muke ce wa Gwanzu. Ta Addis Ababa muke bi. Masaukinmu unguwar Xiaobei, inda baƙaƙen fata suka fi yawa, akwai abincin halal, ranar Juma'a kuma mu tafi masallacin da ake dangantawa da Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas. Sau biyu a shekara ake babban baje kolinsu, ɗaya a Afrilu ɗaya a Oktoba, amma ni ban fahimci komai a wajen baje koli ba sai ranar da tafintana ya kai ni Foshan, garin da ake yin tayil.

Mun shiga masana'antar da misalin tara na dare. Tanda ce doguwa, sai da muka yi tafiya mai ɗan nisa a gefenta kafin mu kai ƙarshe. Ɗanyen tayil yana shiga ta wannan baki a kan ƙarafa masu juyawa, yana fitowa gasasshe ta wancan, babu tsayawa. Na tambayi mai wurin, idan aka ɗauke wuta fa? Sai da tafinta ya maimaita masa tambayar sau biyu. Ya ce ana sanar da su tun da wuri idan za a yi gyara, tandar kuma sai ta yi watanni ba ta huce ba. Na duba ko'ina ban ga janareto yana ruri ba.

Abu na biyu shi ne yadda suke zama wuri guda. Mai yin kwalin da za a zuba tayil yana bayan layi. Mai haɗa ruwan ƙyalli yana tsallaken titi. Wanda zai ƙera maka ƙarfen injin da ya karye yana nan kusa, kafin la'asar ya kawo. Na kai musu samfurin wani tayil da na gani a gidan wani a Abuja, cikin kwana huɗu suka ajiye mini irinsa a tebur, kala uku, farashi uku. A nan ne zan gaya wa masu cewa kayan Caina ba su da ƙarko: su tambayarka suke yi nawa za ka biya. Mai kyau yana nan, na banza yana nan, a rumfa ɗaya. Mu ne muke zaɓo mai araha saboda mun san aljihun masu saye a gida, ga kuɗin kwantena, ga kwastan a Apapa, ga tirela har Bauchi.

Amma akwai abin da ya hana ni barci a wannan tafiyar. Mun bi ta ɗakunan kwanan ma'aikata. Gadaje ne masu hawa biyu, mutum takwas a ɗaki, kayansu rataye a igiya a baranda. Na ga wata yarinya da ba za ta girmi 'yata ta fari ba, tana zaune a kan kwali tana cin shinkafa da tsinke, idonta a rufe don gajiya. Tafinta ya ce daga ƙauye suke zuwa, awa goma zuwa sha biyu suke yi, gida kuma sai bikin sabuwar shekararsu, wajen Janairu ko Fabrairu. Duk ɗan kasuwa ya san lokacin, don masana'antu rufewa suke yi na makonni, in ba ka yi oda da wuri ba ka makara.

Baba Mai Ritaya, Kumo

Alhaji, Allah ya yi albarka, ka faɗi maganar wuta, kuma ita ce uwar zancen. Ni jikana ne yake rubuta mini wannan, ina faɗa yana bugawa.

Na shiga aikin masaƙa a Kaduna a 1981, ɓangaren saƙa. Tun 1957 aka buɗe masaƙa ta farko a garin, zamanin Sardauna, sauran suka biyo baya. Wanda bai ga Kakuri, unguwar masaƙun, lokacin canjin aiki ba ba zai gane ba. Jiniya na busawa, masu fita da masu shiga su cika titi, kekuna kamar fari, masu ƙosai da masu shayi da masu tuwo kowa na ciniki har tsakar dare. Kashi uku muke yi, safe da rana da dare. A cikin ɗakin saƙa ba ka jin maganar na kusa da kai, da hannu muke magana, shi ya sa har yau kunnena na hagu ba ya ji sosai. Da wannan albashin na yi aure, na sayi fili a nan Kumo, na biya wa ƙannena biyu makaranta.

Yadda abin ya mutu a gabana aka yi. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 naira ta faɗi, kayan gyaran inji da sinadarin rini da ake sayowa waje suka yi tsada. Wutar NEPA ta zama sai an ga dama. Idan aka ɗauke ana tsakiyar saƙa, zare ya tsittsinke, sai mu ɓata lokaci muna ɗaurawa ɗaya bayan ɗaya. Baƙin mai da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi wuya. Auduga ta ragu a gona. Muna cikin wannan hali sai ga atamfa ta fasa-ƙwauri tana kwararowa ta iyakar Nijar da ta Benin. Wallahi na taɓa riƙe turmi biyu a kasuwa, zane iri ɗaya, wanda masu zanenmu suka zana da hannunsu, an kwaikwaya har da tambarin bakin. Nasu bai kai kuɗin namu ba ko kusa.

Ranar da aka sallame mu babu wanda ya yi mana jawabi. Takarda muka tarar a manne a ƙofa. Haƙƙoƙinmu kuwa, abokan aikina da yawa sun rasu suna jira.

Abin da yake ƙona mini rai shi ne in ji yaro ya ce wai mu ragwaye ne shi ya sa aka wuce mu. Wanda ya tsaya awa takwas a gaban inji cikin ƙura da zafi ba rago ba ne. Hannu muna da shi. Abin da ya kamata a tsaya mana a kai ne ba a tsaya ba.

Maman Aisha, tela, Bauchi

Baba, Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu. Maganarka ta sa ni hawaye.

Ni dai zan faɗi gaskiyar abin da na gani a ɗakina. Kekena Butterfly ne, na can ne, da shi na rene yara huɗu bayan rasuwar mahaifinsu. Shekara biyu da suka wuce na haɗa kuɗin adashe na sa sola ƙarama da batir ɗaya. Yanzu azumi in ya zo ina ɗinki har sahur ba na jiran wuta, ba na sayen fetur. Kuma atamfar nan mai sauƙi ita ce rufin asirin talaka. Na ɗinka wa marayu kayan sallah da ita, na ga lefen da ba don ita ba da ba a haɗa shi ba.

Sai dai maƙwabciyata da ke ɗinkin hula da allura, wadda takan yi sati biyu ko uku a kan guda ɗaya, kasuwarta ta ja baya tun da hulunan inji suka cika gari. Mai saye yana ganin kamanni, yana jin bambancin kuɗi, sai ya ɗauki ta inji. Yanzu awara take soyawa a ƙofar gida.

Injiniya, Yelwa, Bauchi

Iyayena da yayyena, ina gaisuwa. Na yi shekara huɗu a Tianjin ina karatun digiri na biyu har da shekarar koyon yare, bari in ƙara da abin da na ji daga bakinsu.

Malamin da ya duba aikina dattijo ne, ɗan ƙauye. Ya ce yana yaro da takardar rabo ake sayen hatsi da yadi, nama kuma sai biki. Canjin ya faro ne a ƙarshen 1978 da Deng Xiaoping ya karɓi ragama, kuma daga gona aka fara. Aka raba wa iyalai filayen da a da ake nomawa a gandun gwamnati, aka ce ka ba hukuma kasonta, saura naka ne ka sayar. Abinci ya yawaita, hannaye suka yi rara a ƙauye. A 1980 aka ware wurare huɗu a bakin teku, Shenzhen da Zhuhai da Shantou da Xiamen, aka sassauta haraji da dokoki don masu jari su shigo. Masu kuɗin Hong Kong da Taiwan suka kwaso injuna suka tsallako neman ma'aikata masu sauƙin albashi, kuma suka tarar da matasa da mafi yawansu sun iya karatu da rubutu. Gwamnati ta riƙa zuba kuɗin ajiyar jama'a da ke bankunanta a wuta da tituna da tashoshin jiragen ruwa. Duk baƙon kamfanin da ya zo, ana lura da yadda yake aiki har a koya. Da suka shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disambar 2001, kasuwannin Amurka da Turai suka buɗe musu sosai. Baba, ka lura lokacin ya zo daidai da shekarun da masaƙunmu suke numfashin ƙarshe. A 2010 suka wuce Japan suka zama na biyu a tattalin arzikin duniya, yau kuma fiye da rabin ƙarfen duniya da kusan rabin simintinta su suke yi. Bankin Duniya ya ƙiyasta mutum kusan miliyan 800 ne suka fita daga matsanancin talauci a wannan tsakanin.

Farashin da suka biya kuwa na shaƙe shi da hancina. Da kwal suka tayar da masana'antun nan, da shi kuma suke ɗumama gidaje a arewacin ƙasar. Hunturuna na farko na buɗe taga da safe na zaci hazo ne irin namu na Disamba. Amma wannan yana da wari, kamar an ƙona taya a nesa, yana kama maƙogwaro. Benen da ke fuskantar namu ba na ganinsa. Kowa da takunkumi a hanci, tun kafin korona. Na yi tari na wata guda. Daga 2013 gwamnatinsu ta tashi tsaye a kan lamarin, aka rufe wasu masana'antu, aka mayar da gidaje da yawa kan iskar gas, kuma kafin in dawo na ga sauƙi da idona.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne abokin ɗakina, ɗan lardin Henan. Kakarsa ce ta rene shi. Uwarsa da ubansa suna Dongguan suna aikin takalma tun yana shekara uku, sau ɗaya a shekara yake ganinsu. Suna da wani tsarin rajista da suke kira hukou, wanda ya ɗaure haƙƙin makaranta da asibiti da garin da aka yi wa mutum rajista, saboda haka ɗan ƙauye zai yi aiki a birni amma da wuya ya sa ɗansa a makarantar gwamnati ta birnin. Ma'aikata 'yan ci-rani irin iyayensa sun kusa miliyan 300. Ya gaya mini akwai shekarar da uwarsa ta dawo ya ɓuya a bayan kakarsa don bai gane ta ba. Kuɗin takalman nan ne suka kai shi jami'a, kuma yana faɗin haka yana kallon ƙasa.

Abu Sadik, ɗan acaɓa, Pantami

Ni ban je ko'ina ba. Amma Jincheng ɗin da yayana ya saya mini shi ya fitar da ni daga zaman majalisa. Kafin babura masu sauƙi su shigo, wa zai ba irina abin hawa? Kayan gyaransa kuma ko a ƙauye ka lalace za ka samu. Matsalar ɗaya, kayan gyaran ma kala-kala ne, in ba ka da makanike mai amana sai ka sayi abu ɗaya sau uku a wata.

Baban Yusra, manomi, Dukku

Ku kuna maganar abin da suke kawowa, ni bari in faɗi abin da suke ɗauka.

Riɗi dai alhamdu lillahi. Dillalai suna bin mu har gona, sun ce Caina na cikin manyan masu saye, kuma da kuɗin riɗi na rufa ɗakuna biyu da kwano. Wannan ba zan ɓoye ba.

Amma jakuna fa? Da can gidan da babu jaki a ƙauyenmu ƙidayawa ake yi. Da shi ake ɗebo ruwa, da shi ake kai taki gona, da shi ake kawo dawa gida. Sai muka ga ana ta saye ana lodawa a tirela ana yin kudu da su, kuɗinsu na ta hawa. Daga baya muka ji fatar ake nema, ana dafa ta a can a fitar da wani magani da masu hali suke sha, nasu jakunan kuma sun ragu tun da injuna suka karɓi aikin gona. Namu ya tsufa ya mutu, na je kasuwa in maye gurbinsa na dawo hannu rabbana. Yanzu yarana mata su suke ɗauko jarka a ka daga rijiya. Na ji a rediyo a Fabrairun 2024 Tarayyar Afirka ta hana yanka jakuna don fata, Allah ya sa a bi.

Ƙanena direban tirela ne. Shekarun baya ya yi ta ɗauko gungumen madobiya, wanda masu harkar suke kira madrid, daga dazukan Taraba zuwa Legas, ana kai wa masu yin kujerun alfarma a Caina. Ya ce wuraren da ya fara lodi a bakin titi, daga baya sai an yi tafiya mai nisa cikin daji kafin a ga bishiya ɗaya tsayayya.

Malam Na Bajoga

Ina so in tuna mana cewa mu ma mun ɗanɗana abin da masana'anta take yi wa gari. Simintin Ashaka ya fara fita a 1979, saboda dutsen da ake yin siminti da shi yana nan a ƙasar Funakaye. Ni a Bajoga na tashi, kuma duk wanda ya tashi a nan ya san masu abinci da masu faci da makanikai da masu gidajen haya da yawa a jikin tirelolin siminti suke ci. Kwal ɗin Maiganga da ke ƙasar Akko ma can ake kai shi. A Bauchi kuma kusan lokaci guda aka kafa Steyr ana haɗa manyan motoci da taraktoci. Wato lokacin da Shenzhen take fara tashi, mu ma muna da abin da za mu ɗora a kai.

Wani abin lura, a ƙarshen 2024 aka sanar cewa kamfanin Huaxin na Caina zai sayi mafi yawan hannun jarin Lafarge Africa, uwar kamfanin Ashaka. Injiniya ya ce kusan rabin simintin duniya su suke yi, to ga shi sun iso har ƙofar gidanmu.

Alhajin Tayil, Bauchi

Baba Mai Ritaya, na karanta naka sau biyu. Ni ina cikin masu shigo da kaya, kuma ban ji daɗin kaina ba da na karanta, duk da tayil nake kawowa ba atamfa ba. Ka yafe mana.

Abin da zan ƙara, can ɗin ma ba yadda na same shi a 2009 yake ba. Albashi ya hau, matasansu ba sa son aikin masana'anta kamar iyayensu, masu ɗinki da masu takalma da yawa sun kwashe zuwa Vietnam da Bangladesh, wasu har Habasha. A zuwana na ƙarshe mai masana'antar da nake saye a wurinsa ya zaunar da ni ya ba ni shayi, ya ce yana tunanin fita waje shi ma. Ya tambaye ni abu uku game da garinmu: awa nawa ake samun wuta a rana, kwana nawa kaya suke yi daga tashar jirgin ruwa zuwa Bauchi, kuma in ya kawo mutanensa za su kwana lafiya? Na ba shi labarin madatsar Dadin Kowa, na ba shi labarin man Kolmani da aka ƙaddamar da haƙarsa a 2022 a iyakar Bauchi da Gombe. Ya rubuta a takarda, ya sake maimaita tambayar farko.

Baba Mai Ritaya, Kumo

Alhaji babu komai tsakaninmu, kai nema kake yi, halal ɗinka ne. Injiniya, ɗana, labarin yaron nan da ya ɓuya a bayan kakarsa ya tsaya mini. Mu a Kaduna da iyalanmu muke zaune, in na tashi aikin dare yarana nake tararwa suna shirin makaranta. Ban taɓa sanin haka suka biya ba.

Baban Khalifa, Jekadafari, Gombe

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, in Allah ya kai mu Asabar zan bi ta Kumo, ina so in zo in gaishe ka, in kuma kawo maka turmi biyu ka duba mini saƙarsu, don akwai wanda aka sayar mini da sunan na gida ne amma hannuna bai yarda ba.

Sannan ina tambaya, akwai wanda har yanzu yake noman auduga a wajen Kumo ko Deba ko Dukku? Baban Yusra, a wajenku fa? In akwai, wa yake saye, kuma ina ake kai ta gurza?